Zaren Fatsa a Safar Bahago

Ni bahago ne, kuma ga ɗan wasan yakiu, wato ƙwallon da ake doka da sanda a cafe da safa, a ƙauye irin namu wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Kowa in safar hannunsa ta lalace sai ya sunkuya ya ɗauki ta wani, don a gefen fili ake zube su, mai fitowa ya yar, mai shiga ya sura. Ni kuwa da hagu nake jifa, a dama nake sa safa, kuma a zangon farko nake tsayuwa, wurin da mai bugu ke fara rugawa ya taka, inda duk ƙwallon da aka tsinta a fili ni ake aunawa da shi. Daga gadar Koror har ƙarshen tsibirinmu Babeldaob babu wata safa irin tawa. In ta mutu, wasana ya mutu.

Tun ina saurayi na sayo ta a Saipan, lokacin da nake ɗaukar kayan baƙi a otal. Ta yi baƙi, ta yi laushi, ta san hannuna fiye da yadda matata ta san shi. Fatarta lafiya lau take. Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya shi ne ragar nan da ke tsakanin babban yatsa da sauran yatsu, wadda igiyar fata ke riƙe da ita ta cikin ƙananan hudoji. Iskar gishiri da ruwan samanmu ba sa barin igiyar ta daɗe. Takan bushe, ta tsage, wata rana ta tsinke, sai in zare ta in sa sabuwa. Haka aka yi ta ta zama. Igiyar ce ke shan wahala tana miƙewa tana dawowa, don fatar ta zauna lafiya.

To a wajen atisaye ta tsinke, ana saura kaɗan mu kara da mutanen Ngiwal. Idip ne ya jefo, wani ƙato da ke tsaron tsakiyar fili, wanda bai san bambancin jifan abokin wasa da jifan karen da ya shigo masa gona ba. Ƙwallon ya faɗa raga, na ji ƙas, raga ta yi lilo.

Kocinmu Mongami ya zo ya duba, ya tofar da jan yawun buc ɗinsa gefe, ƙwayar nan da muke taunawa kamar goro.

"Kerai, ita ma ta gaji," in ji shi. "Kai da ita ban san wanda ya girmi wani ba."

"Igiya ce kawai. Kafin ranar wasa na gyara."

"Gara dai. Ina da masu ƙafa suna zaune a benci suna ƙirga furfurarka."

Dariya yake yi, amma ba wasa yake ba. Na haura arba'in. A shekaruna in ka bar zango aka sa wani ko da sau ɗaya ne, to ka tafi ke nan, sai dai ka koma rumfa ka riƙa ba da labarin zamaninka.

Nan take na kira Sariang, 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke aiki a Guam. Na taki sa'a tana shirin zuwa wankan haihuwar fari na 'yar yayarta, kuma za ta iso kafin wasan. Na kwatanta mata igiyar, na sake kwatantawa, har ta ce in na ƙara sai ta kashe waya. Hankalina ya kwanta.

A hanyar gida na biya wajen Inna in karɓi rogo. Na ajiye safar a kan benci a rumfar ƙofar gidanta, aka cika ni da surutu, na tafi na manta da ita. Washegari kuma da asuba na tuƙa motar kaya zuwa Koror.

A rumfar nan Kawu Siabal yake wuni. Wan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba a danginmu. Filin da na gina gidana shi ya nuna da sandarsa ya ce a ba ni. A zamaninsa babu masunci kamarsa a wannan gaɓar. Yanzu idonsa ya yi hazo, kuma tun da ya ɓace a teku can ƙetaren duwatsu aka wuni ana nemansa, 'ya'yansa suka cire injin jirginsa suka kulle. Tun daga nan yake zaune yana tauna buc, yana gane masu wucewa da takunsu.

Da yamma na dawo na tarar da shi da tsofaffi uku, safata a cinyarsa.

"Kerai ne? Matso. Mun ji an ce sai an aika Guam kafin a ɗinke wannan 'yar abar."

"Haka ne, Kawu. Sariang za ta taho da igiyar."

"Ka ce ta bar kuɗinta. Ungo."

Na karɓa. Na juya ta. Kawu ya zare ragowar igiyar fata kakaf, ya saƙe ragar da zaren fatsa, mai kaurin nan na roba da ake jan manyan kifaye da shi. Kuma gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. Kowane ƙulli ya zauna daram, girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya, irin ƙullin taru da babu mai iya shi yanzu. Da hannu kawai ya yi shi, ba da ido ba. Ya ja zaren ya ɗame har safar ta ɗan lanƙwashe.

Duk wanda ya taɓa jan kifi da hannu ya san halin zaren nan. Ba ya miƙewa, ba ya ruɓewa, ba ya tsinkewa. In abu biyu suka ja, ɗayan ne zai yanke.

"Yaya ka gani?" in ji Kawu.

Tsofaffin nan duk sun zuba min ido.

"Ya yi kyau ƙwarai, Kawu. Sai dai... bai yi tauri da yawa ba kuwa?"

"Taurin ake so. Da wannan na jawo kifin da ya fi ka nauyi, kuma kai ma ba ƙaramin kaya ba ne." Tsofaffi suka kwashe da dariya. "Jikokinka ma za su yi wasa da ita. Turawan da suka yi ta ba su san teku ba, shi ya sa suke sa igiyar da ke ruɓewa."

"Na gode, Kawu."

Abin da na ce ke nan. Me zan ce? Wan uwarka ya yi maka aiki da hannunsa a gaban sa'o'insa, ba ka buɗe baki ka ce bai yi ba. Na tafi gida raina a jagule, na zauna a bakin ƙofa ina jujjuya safar, matata ta kawo abinci ya huce a gabana.

A atisayen farko na ji bambancin. Da can in ƙwallo ya shiga raga, wani irin sauti yake yi mai taushi, ya kwanta. Yanzu sai ka ji tau, kamar an bugi kwano, ƙwallon ya nemi tsalle ya fita. Bayan an tashi na koma bayan mota na duba. Hudojin sama guda biyu, da suke zagaye, sun fara tsawo. Zaren ya soma cin fatar.

Na yi duk dabarar da ta zo min. Na yanko robar tayar keke na cusa ƙarƙashin zaren, jifa biyu ta fice. Na nannaɗa filasta, zufa ta kwaɓe ta. Na gwada zura wata tsohuwar igiyar takalmi ta gefen zaren don ta rage masa aiki, hudojin suka ƙi ɗaukar biyu. Ƙarshe na je na sami Idip.

"Don Allah ka riƙa sassauta jifan nan."

Ya dube ni sama da ƙasa. "In mirgino maka a ƙasa ne, baba? Ko in kawo maka har hannu da gaisuwa?"

"Safar ce nake ji."

"Wace safa? Wadda rubak Siabal, dattijonmu guda, ya ce ko jirgin ruwa za ta tsayar? Ai jiya a shago ya tare ni, ya ce in saki hannuna duka, kar in ji komai."

Nan na san abin ya fi ƙarfina. Kawu, wanda ya yi wata da watanni bai wuce rumfar Inna ba, ya fara takawa har shago. A bakin coci ma ya ba da labarin. Mata masu dawowa daga fadama suna tsayar da ni a hanya su ce in nuna musu saƙar rubak. Wani ya kawo masa tsohon taru ya gyara. Ni kuma na fara ƙaryar ciwon wuyan hannu don in rage kama ƙwallo a atisaye, Mongami yana kallona ta wutsiyar ido yana gwada wani yaron gidan Sechelong a zangona. Na rasa inda zan sa kaina. In na yi atisaye fata ta yanke, in na ƙi a ba wani wurina.

Ana gobe wasa Sariang ta iso. Ta miƙo min leda, ga igiyar fata sabuwa, ruwan zuma, tana ƙamshi. Aikin da bai fi in zauna bayan cin abinci in gama kafin rana ta karkata ba. Na riƙe ledar na ji kamar in yi kuka don takaici.

Mutum ɗaya ce a duniya ke iya gaya wa Kawu magana ya ji, ita ce Inna. Na bi ta fadamar gwaza. Na tsaya a kan gaɓa inda maza ke tsayawa, ita tana cikin laka har gwiwa.

"Inna, wata alfarma nake nema."

"In ta safa ce ka koma."

"Ba ki ma ji ba."

"Na ji tun ranar da ka karɓe ta fuskarka kamar an aiko maka da mutuwa. Shi ne ba ya gani, ni ina gani."

"Zaren yana yanka fatar. In ta yage shi ke nan, ba a ɗinke ta. Ki ce masa kawai doka ce ta wasa, ba a yarda da zaren roba ba. Ko ki ce alƙalin wasa ne ya hana."

Ta tumɓuke gwaza ɗaya, ta karkaɗe, ta jefa kwando. "In yi wa yayana ƙarya saboda ƙwallo."

"To ki gaya masa gaskiya."

"Kai me ya hana ka? Bakinka ciwo yake?"

"Inna, kin san ba zan iya ba."

"To ni ma ba zan iya ba." Ta miƙe ta dafa ƙugu. "Kerai, tun da aka ɗauke injin nan mutumin nan bai cinye kwanon abinci ba sai makon nan. Da safe in na kai masa sai ya ce yana azumin jiran kabari. Yanzu har ƙari yake nema. Jiya ya sa na fito masa da farar rigarsa na goge, wai zai je Ngiwal ya ga aikinsa. Kai kana maganar fatar saniyar da ta mutu tun kafin ka yi aure."

"Ba ni da wata, Inna. In ta tafi na bar wasa."

"Ka bari mana. Sa'o'inka duk sun bari, ba wanda ya mutu."

Na tsaya ina huci. Ita ba ta taɓa tsayawa a zango ta ji ƙwallo ya shige hannunta daidai lokacin da ƙafar mai gudu ke sama ba. Duk mako ina tuƙa shinkafar wasu da fetur ɗin wasu a hanya ɗaya, in tafi in dawo. Ranar Asabar ce kawai nake zama wani abu. Amma ba a gaya wa uwa haka tana cikin laka tana nema maka abin da za ka ci. Na ɗauki kwandon na kai mata gida.

Da safiyar wasa na yanke shawara. Na ce zan yanke zaren, in sa igiyata, abin da zai faru ya faru. Kawu ba ya gani sosai, wataƙila ma ba zai lura ba. Na san ƙarya nake yi wa kaina, don mutumin da ya saƙa abu da yatsu da yatsu zai neme shi. Duk da haka na fito da almakashi, na zauna a bakin ƙofa, na zura bakinsa ƙarƙashin ƙullin farko.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, sanda a kan tsakuwa.

Shi kaɗai ya tako tun daga gidan Inna. Farar riga a goge, an taje gashi da man kwakwa, har da tsohuwar hular ƙungiyarmu ta shekarun da shi ma yake bugawa.

"Na ce kar in sa ka biyowa," in ji shi. "Me kake yankewa? Na ji ƙarar almakashi."

Na dube shi. Yana murmushi, haƙoran nan jajaye duk a waje. Na daɗe ban ga haƙoran Kawu ba.

"Farce ne, Kawu."

"Ranar wasa ba a yanke farce. Kawo safar in riƙe maka a mota."

Na miƙa masa. Har muka isa Ngiwal tana cinyarsa, yana shafa ta kamar kyanwa, ni kuwa ina tuƙi ina cizon leɓe.

Filin ya cika. Mata sun jera kuloli na kifi da rogo a gindin itatuwa, an kunna kiɗa a bayan wata mota. Kafin in ankara Kawu ya shige rumfar dattawan Ngiwal da safata, tana yawo hannu zuwa hannu. Wani tsoho ya ja zaren da haƙori ya jinjina kai. Da ƙyar na karɓo ta lokacin da aka kira mu.

Dabara ɗaya ta rage min, in hana ƙwallo taɓa raga. Duk jifan da ya zo sai in tare shi da tsakiyar tafin hannu, inda fata ta fi siriri. Wanda bai taɓa tarar jifan Idip da tafi ba ba zai gane ba. Na farko ya ratsa ni har kafaɗa. Kafin a je rabin wasa hannuna ya kumbura ya cika safar, yatsuna sun daina jin komai. Sau biyu ƙwallo ya buga tafina ya faɗi, na tsince shi da ƙyar.

"Kerai, raga fa?" Mongami ya ce da muka fito hutu. "Ado aka yi maka da ita?"

"Ina sane."

"Ba ka sane. Kama ƙwallo kake kamar mai tarar kwakwa."

Duk da haka wasu sun faɗa ragar, ba yadda na iya. Bayan kowanne sai in saci kallo. Hudojin sama sun zama tsaga, saura ɗan siririn gefe ke riƙe da su. Daga rumfa kuwa ina jiyo muryar Kawu duk lokacin da aka ce masa na kama. "Ta riƙe ko? Ai na gaya muku."

A zagaye na bakwai muna gaba da ɗaya, suna da mutum a zango na biyu, saura mutum ɗaya mu fitar mu huta. Mai bugu ya doko ƙwallon ƙasa, ya nufi sararin da ke tsakanin Idip da na kusa da shi. Idip ya yi nutso ya cafe, ya tashi a kan gwiwa, ya saki hannunsa duka kamar yadda aka ce masa. Jifan ya zo sama, ta gefen dama. Irin wannan babu zancen tafi. Na miƙe iya tsawona, ƙafata a kan zango, na buɗe raga.

Ban ji tau ba. Wani ɗan sauti na ji kamar an yaga tsumma, hannuna ya yi sakayau. Ƙwallon ya wuce ta cikin safar ya tafi can gindin itatuwa, ya buga kular wata mata. Na zango na biyu ya zagayo ya shige gida, maki ya zama daidai. Mutanen Ngiwal suka tashi da ihu.

Na duba hannuna. Ragar tana reto a jikin babban yatsa, a saƙe tsaf yadda Kawu ya saƙa ta. Ɗaya gefen kuwa zaren ya bi hudojin ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, tun daga sama har ƙasa, ya fita da gefen fatar gaba ɗaya. Babu sauran inda za a zura igiya, ta fata ko ta me.

Mongami bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zo ya dafa kafaɗata, ya yafito yaron Sechelong. Na koma benci. Yaron ya kama duk abin da aka jefa masa, har da wani da ya tsinto daga ƙasa wanda ni a yanzu ba zan kai ba. A zagayen ƙarshe ya buga wanda ya ba mu nasara. Aka ɗaga shi sama, ni ma na tafa da hannuna mai kumburi, don kowa na kallo.

Ana cikin murna Kawu ya aiko a kira ni rumfa.

"An ce ta ɓalle. Kawo in ji."

Na ba shi. Ya bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, yana gyaɗa kai.

"To ku duba," ya ce wa dattawan. "Ko ɗaya bai kwance ba."

Suka yi dariya, wani ya ce ai saniyar ce ba ta da ƙwari. Kawu ma ya fara dariya. Sai yatsansa ya gangara ɗaya gefen, ya sami bakin yankan. Ya bi shi a hankali har ƙasa. Ya dawo sama ya sake bi. Yankan santsi gare shi, ba irin yagewar tsohuwar fata ba, kuma yatsun Kawu duk tabon irinsa ne. Dariyar ta tsaya. Ya kifa safar a cinyarsa ya ce in zo mu tafi, rana ta yi masa yawa.

Muka kama hanyar gida. Ni ina jin haushinsa, ina jin haushin Inna, da Idip, da wanda ya fara ƙirƙiro zaren roba. Na ƙudura dai ba zan ce komai ba, tun da abin da na saya da safata ke nan.

Wajen gangaren da ake hango teku ya yi magana, bai juyo ba.

"Wannan ba yankan yau ba ne. Na sama sun daɗe, bakinsu ya yi baƙi."

Na zuba wa hanya ido.

"Da kai nake. Yaushe ka gani?"

"Tun atisayen farko, Kawu."

"Kafin nan fa? Ranar da na miƙa maka."

"Na san zai yanka."

"Sariang ta kawo igiyar?"

"Ta kawo."

Ya gyaɗa kai. "Farce," in ji shi.

"Kawu, girmanka na duba. Na ga yadda ka ji daɗi, ga mutane, ban so in..."

"Uwarka ma ta sani?"

Bai jira amsa ba ya ci gaba.

"Da na ɓace a teku, 'ya'yana sun zo sun tsaya a gabana suka ce, Baba, idonka ya ƙare, za mu cire inji. Na zage su, na kore su, amma a fuskata suka faɗa. Mutum ake gaya wa haka." Ya cire hular ƙungiyar ya ɗora a kan safar. "Kai kuwa ka bar ni ina yawo gari gari da farar riga. Har Ngiwal na kai kaina, ina sa dattawa suna cizon zare."

"Ban yi don in wulaƙanta ka ba. Safar ma na rasa ta, Kawu. Na bar wasa ke nan."

"Wa ya ce ka bari ta lalace? Da ka buɗe baki, da na ji haushi kwana biyu, na kira ka marar kunya, ka sa igiyarka. Ni masunci ne, Kerai. Na san zare na yanka. Mantawa na yi fata nama ce, kuma babu wanda ya ga na isa a tuna min." Muryarsa ta ɗan karye, ya gyara ta. "Ƙaramin yaro ake bari ya ɓata abu, a tafa masa a ce ya iya."

Mun iso mararrabar ƙauye, saura tafiya mai ɗan nisa zuwa gidan Inna.

"Tsaya nan."

"Kawu, rana ce, bari in kai ka ƙofa."

"Na ce ka tsaya."

Na tsaya. Ya lalubi murfin ya buɗe. Na zagayo da sauri na miƙa masa hannu, ya kauce, ya dafa ƙofar ya sauka da kansa. Ya ajiye safar a kan kujera, ya sa sanda a gaba, ya fara laluben gefen hanya.

"Akwai rami gabanka, Kawu, ta hagu."

Ya tsaya cak, bai waiwayo ba.

"Ashe kana iya faɗa," ya ce, ya kauce wa ramin ya ci gaba da tafiya.